Bahagon Bayan Ƙyalle

Shekaranjiya da hantsi ina kishingiɗe a zaure, sai jikokina biyu suka shigo da hayaniya kamar an saki zabi a kasuwa. Na ce lafiya? Ashe gardama ce a kan wasu 'yan zane da suke kallo a waya. Wannan ya ce nasa yana harba wuta daga tafin hannu, wancan ya ce nasa ko an raba shi biyu sai ya haɗe. Na gyara zama, jinina ya fara motsi, na ce yau zan ga abu. Sai kawai ƙaramin ya danna waya ya tambaye ta wa ya fi ƙarfi, ta ba su amsa, suka ce to shi ke nan, suka fita sayen alewa. Ko kwala ba a ci ba. Na bi su da kallo, na sa harshe na taɓa wani giɓi da ke gefen bakina na sama, na yi ta dariya ni kaɗai har tari ya sarƙe ni. Sauran haƙoran tsufa ne ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ba ni da ƙorafi. Wannan ɗayan kuwa, ni na kai shi da ƙafata.

Tudun Wadar da na tashi a ciki ba wannan ba ce da babur ke neman take ka tun daga ƙofar gida. A lokacin kunne ne agogonmu. Kukan jirgin ƙasa daga tasha ya tashe ka, sai tabarya ta karɓa daga gida zuwa gida, sai keken ɗinkin Baba ya fara surutunsa a zaure, da rana kuma kalangun mahauta ya shaida maka an yi yanka. Ni aikina jan ruwa a rijiya, da faskare, da sa wa Baba zare a allura, da juya riguna in ya gama aikin wuya in tsinke zaren da ya yi saura. Karatu kuwa, Allah ya yafe mana. Allona ya fi sanin bayan katangar makaranta fiye da cikinta, don a nan nake jingine shi in tafi rafin Kubanni wanka. Wannan bokon da nake cakuɗawa ma sai da na yi gemu na tsince shi a ajin yaƙi da jahilci. Baba yakan dube ni ya girgiza kai ya ce, “Kai dai da ana ɗinka hankali, da na ɗinka maka ko na ranar Juma'a.” Abin da na ƙware a kai shi ne tsokana da gardama, kuma a nan ban san na biyuna ba a layinmu.

To, ana nan sai majigi ya fara zuwa. Yaran yanzu da hoto ke bin su har makewayi ba za su gane ba. Mu sai a yi wata biyu, uku, ba a ga komai ba, sannan wata rana da azahar ka ji mota tana zagaya unguwa, lasifika yana cewa, “Jama'a, yau akwai majigi a fili bayan magariba!” Wayyo! Ranar ba mai iya aiken ka. Tuwo ma a tsaye ake ci. A kafa gora biyu, a ɗaure farin ƙyalle a tsakani, inji ya fara ruri, haske ya fito daga mota ya faɗa kan ƙyallen, sai ka ga mutane sun bayyana suna tafiya. Da farko darasi ake yi, yadda ake haƙa masai, yadda ake tace ruwa saboda kurkunu, yadda ake shuka auduga a layi. Wani malami mai riƙe da lasifika yana fassarawa, yana ƙara gishirinsa. Mu duk haƙuri muke yi da wannan, don mun san a ƙarshe za a saka hoton zane, wato mutane da dabbobin da aka zana da hannu amma suna gudu suna faɗa kamar masu rai. A cikinsu akwai biyu da suka raba yaran Tudun Wada gida biyu, kuma mai lasifikan nan ne ya raɗa musu suna. Ɗaya Bajimin Ƙarfe, wani sa mai tafiya da ƙafa biyu, hayaƙi na fita ta hancinsa. Ɗayan Ɗan Dunƙule, wani ɗan siririn mutum kamar sillen kara, wanda in ransa ya ɓaci sai ya sa babban yatsa a baki ya hura, hannun ya kumbura ya kai girman randa, ya kai naushi ɗaya. Kowanne da nasa faifan, ba su taɓa haɗuwa ba. Mun taɓa tare mai lasifika muka tambaye shi wa zai ci in sun gamu, ya ce, “Ai surukai ne, ba sa zama wuri ɗaya.” Ya hau mota ya bar mu da wuta.

Yanzu sai in faɗi inda kowa yake zama, don a nan maganar take. Gaban ƙyalle akwai manya a kan tabarmi da kujeru, mata can nesa a tsaye. Filin da ke tsakanin manya da ƙyalle kuwa na yaran layin mahauta ne, ba don an rubuta musu ba, sai don kowannensu ya ci tantaƙwashi ya ƙoshi. Shugabansu Iro, Allah ya jiƙansa, sa'ana ne amma wuyansa ya yi biyun nawa. Mu 'ya'yan teloli da leburori, mu wajen goma sha, bayan ƙyalle muke zama kusa da juji, don hasken yana ratsowa ana ganin hoto ta can ma. Amma dishi-dishi, ga sauro, ga lasifikan ya ba mu baya, sai ka ji mutanen gaba sun fashe da dariya kai ba ka san me aka ce ba. Duk wanda ya leƙa gaba a cikinmu da ranƙwashi yake dawowa. Ban taɓa ganin majigi ta gaba ba ko sau ɗaya, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wannan.

Yaran mahauta, ba sai an faɗa ba, Bajimi suke bi. Mu kuwa sirara, Dunƙule namu ne. Kullum da la'asar a gindin wata tsamiya, inda wani tsohon ɗan dambe da muke kira Baba Mai Rake yake kasa rakensa, nan ake baje gardamar.

“Kai Ɗan Tela,” in ji Iro, “jirgin ƙasa fa ya yi karo da Bajimi, jirgin ne ya lanƙwashe. Ka gani ko ba ka gani ba?”

“Na gani. Dunƙule kuma ya naushi dutse ya koma tsakuwa. Da dutsen Kufena ne ma haka zai yi masa.”

“Bajimi ya shanye kogi a zama ɗaya!”

“To sai me? Wanda ya sha kogi ai cikinsa ya yi nauyi. Naushi ɗaya a tumbi, duk garin ya yi ambaliya.”

“Kafin naka ya gama hura yatsa an soke shi an rataye. Mu da muke kayar da shanu kullum mun san ƙaho. Ku me kuka sani in ban da allura?”

“Allurar ce ta rufa maka asiri, da ba don ita ba da tsirara kake yawo.”

Yara su sa ihu, Baba Mai Rake ya yi ta dariya yana feraye rake. Haka muke har sai an kira magariba. Rannan da na ga ana neman rinjaye na, sai na fito da abin da na daɗe ina ɓoyo. Kowa a wurin ya san a dambe ba a son gamuwa da bahago, don kana tsaron dama sai ka ji saƙo ta inda ba ka zata ba. Na miƙe na ce, “Kun manta abu ɗaya. Dunƙule bahago ne. Bajimi zai tsaya yana kallon dama, sai dai ya farka a lahira.”

Iro ya dube ni kamar na zagi ubansa. “Bahago? Da dama yake naushi.”

“Da hagu!”

“Wallahi da dama!”

“Wallahi tallahi da hagu! Sau uku ina gani!”

Yarana duk suka ce hagu, nasa duk suka ce dama, kowa yana rantsuwa har da dangwala yawu a wuya. Wani dattijo da zai wuce masallaci ya tsaya ya ce, “Subhanallahi, rantsuwa a kan zane? Cikin ku dai akwai masu ƙarya, ku ji tsoron Allah.” Wannan ya ƙara zuba mana kananzir, don yanzu magana ta tashi daga Dunƙule ta koma waye maƙaryaci. A nan bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce, “Iro, ranar da majigi ya dawo mu ɗaura hannu. Kai ka tsaya wa Bajimi, ni in tsaya wa Dunƙule, kuma da hagu zan kashe ka kamar yadda yake yi. In na ci, gaban ƙyalle namu ne.”

“In na ci fa?”

“Faɗi.”

“Ka zauna a gindin ƙafata ka riƙe mini takalma, in Bajimi ya fito ka tashi ka yi masa kirari kowa ya ji. Yaranka kuma su dawwama a juji.”

Muka tafa, Baba Mai Rake ya zama shaida.

Matsala ɗaya ce ƙarama. Ni ba bahago ba ne. Amma na ce abin da Dunƙule ya iya, mai bin sa ma zai iya. Daga ranar na sallami hannun dama. Guga da hagu, gatari da hagu har na kusa raba ƙafata da yatsa, naushin buhun ƙaiƙayi da hagu safe da yamma. Na miƙa wa Inna ƙwarya da hagu ta maka mini muciya, ta ce, “Ni za ka miƙo wa abu da hannun tsarki? Aljanu ne suka shafe ka?” Na sa hagu a akushi, Baba ya buge hannun ya ce in tashi in ba mutane wuri. Sati bakwai ina wannan wahala. Kullum in auna damtsen hagu da zaren Baba, in ga kamar ya ƙaru, alhali zaren nake ja da ƙarfi.

Sai ga mota rannan da azahar tana shela. Kafin la'asar gindin tsamiya ya cika, har da yaran Tudun Jukun da labari ya kai musu. Wani ya samo kalangu. Iro ya zo an riga an naɗe masa dama da tsumma da igiya, hannun ya yi kamar kan tabarya. Ni na miƙa wa Baba Mai Rake hagu ya ɗaure mini. Ya riƙe hannun ya jujjuya shi kamar mai tayin kaza.

“Yaro, kai bahago ne?”

“Eh, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun sati bakwai.”

Ya ci gaba da naɗi. Da ya gama ya ce, “To, Allah ya sa Innarka ta dama kunu, don yau ba na jin za ka tauna tuwo.”

Aka buɗe fili, kalangu ya ɗauka, yarana suna ihu, “Dunƙule! Dunƙule!” Don daɗi na riga na ga kaina a gaban ƙyalle. Na zagaya, na yi tsalle, sannan na yi abin da har na yi aure ana ba da labarinsa. Na kai ɗaurarren hannun baki, na kumbura kumatu, na hura. Fili ya kece da dariya, mai kalangu ma sai da ya saki. Iro kansa ya dafe ciki. Na ce yawwa, ga dama ta samu, na kai masa hagu da duk ƙarfin sati bakwai. Hannun ya tafi can wani wuri da ban aike shi ba, ya ja ni na juya masa gefen fuska kamar mai miƙa wa wanzami. Abin da na sani bayan nan, ina kwance ina kallon ganyen tsamiya, bakina da gishiri-gishiri, wani yaro yana cewa, “Ga shi nan, ga haƙorin, na tsinta!” Turmi ɗaya, naushi ɗaya. Baba Mai Rake ya ɗaga ni, ya ba ni ruwan gishiri na kurkure, ya ce, “Ka yi ƙoƙari. Ban taɓa ganin wanda ya faɗi da kyau haka ba.”

Yarana ko kallona ba su yi ba, suka nufi juji da sanyin jiki. Wannan ya fi haƙorin ciwo. Na jawo musu zaman baya na har abada da bakina.

Da aka idar da magariba na cika alkawari. Na bi Iro har gaban ƙyalle, ya tuɓe takalmansa faɗe ya miƙo mini, na rungume su na zauna a gindin ƙafarsa, leɓe ya kumbura kamar ƙosai. Amma jama'a, gaba! Ashe haka hoto yake? Fari tas, kana ganin har ƙudan da ke kan masan da ake koya mana haƙawa. Ga muryar mai lasifika tana shiga kunne kalma kalma. Na manta da ciwo, na saki baki. Aka gama darasi, aka saka Bajimi, Iro ya zungure ni da ƙafa. Na miƙe na ɗaga takalma sama na ce, “Sa maci ƙarfe! Na Iro mai shan kogi!” Iska tana fita ta giɓin tana yin fito, manya suna ta dariya, wani yana cewa a ƙara. Na ƙara. Wanda aka kayar ba ya zaɓen waƙa.

Sai aka canja faifai, ga Ɗan Dunƙule. Wani ƙaton ɗan fashi ya tare masa hanya. Na ce a raina yanzu dai Iro zai gani da idonsa, ko ba komai a san ban yi rantsuwar ƙarya ba. Dunƙule ya ɓata rai, ya ɗaga hannu zai hura.

Dama.

Na murtsuke ido. Dama dai. Ya hura ta, ta kumbura, ya kai naushi da ita. Iro ya sunkuyo ya ce, “To, Malam Bahago?” Na ce a raina naushin ɗazu ne ya juya mini ƙwaƙwalwa. Ban san sanda na zabura ba, takalma a hammata, na zagaya ta gefen gora na faɗa cikin yarana. Na ɗaga kai. Ga Dunƙule yana bin ɗan fashi, hannun hagu a kumbure! Na dawo gaba da gudu, dama. Na koma baya, hagu. A zagaye na uku na tsaya cik a jikin gorar, ina ganin gaba da baya lokaci ɗaya, sai abin ya faɗo mini. Ni ɗan tela, ni da kullum nake juya riga in ga aljihun da ke wannan gefe ya koma wancan! Ƙyalle ne fa. Ciki da baya gare shi. Sati bakwai, da muciyar Inna, da haƙori guda, ashe duk bayan riga nake kallo.

Da mai hankali ne da ya zauna ya yi kuka. Ni kuwa sai na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na duƙa cikin yarana na ce, “Kowa ya shirya. In kun ga sun zagayo ta nan, ku bi ta ɗaya gorar da rarrafe, kada wanda ya yi tari.” Na koma gaba na durƙusa kusa da Iro, na yi fuskar wanda ya ga aljani.

“Iro, na yarda ka kashe ni. Amma ka zo ka ga abin tsoro. Akwai wani Dunƙulen a baya, kuma bahago ne.”

“Ka fara ko?”

“In ƙarya ne ka cire haƙorin ƙasan ma.”

Ya dube ni, ya dubi ƙyalle, ya tashi ba takalmi ya zagaya. Ban ƙirga biyar ba na ji ya kwarma ihu, “La ilaha illallahu! Kai, ku zo ku gani!” Yaran mahauta suka tashi ɗuu kamar an watsa wa kaji tsaba, suka yi baya suna ture juna. Ta ɗaya gefen kuwa sai ga 'ya'yan teloli suna shigowa da rarrafe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu wuri mai ɗumi ya naɗe ƙafa, ya yi zuru kamar a nan aka haife shi. Ƙurar da aka tayar ta shiga hasken injin, manya suka fara faɗa, “Wai yaran nan lafiya? Ku zauna mana!” Wani ɗan doka da ke tsaron wurin ya taso da bulala ya tsaya daidai jikin gora, ya ce, “Kowa ya zauna inda yake. Duk wanda ya sake ɗaga gindi, na baya ko na gaba, sai na zane shi.”

Na miƙe ƙafafu a wurin Iro, na ɗora takalmansa a cinya. Na waiwaya na ga yarana, haske yana wasa a fuskokinsu, bakin kowa a buɗe, karo na farko suna dariya tare da mutane a lokacin da ake dariya. A kan ƙyalle ɗan fashi ya dawo da 'yan'uwansa, Dunƙule ya sa yatsa a baki ya fara hurawa. Sai ga muryar Iro daga can wajen juji, tana ratso ƙyalle, har da marin sauro a tsakani.

“Ɗan Tela! Wallahi bahago ne!”

Na cika ƙirji da iska, na buɗe kumburarren bakina yadda duk filin zai ji.

“Ƙarya kake, Iro! Da dama yake naushi!”